Sunan da Na Rubuta a Bangon Pampo

Mu huɗu ne muke zama a gindin bangon wani shago da ke daf da pampon unguwarmu a Arlit. Mai shagon Bakatsine ne. Da kasuwar uraniyom ta faɗi, aka fara sallamar ma'aikata daga ramin haƙa, masu sayen sabulu da madara suka ragu, sai ya buga kwaɗo ya koma garinsu, ya bar mana bango da inuwar la'asar. Nan muka kafa fadarmu. Suna ne dai mai girma, amma kayan fadar ba su wuce tabarma ɗaya da ta cinye rabi ba, da murhun waya, da ƙaramar butar shayi shuɗiya, da kofunan gilashi uku da mutum huɗu suke karɓa-karɓa. Shekarunmu sha biyar zuwa sha shida, muna kolej, wato ƙaramar sakandare, kowa yana jin kansa ya isa.

Mai dafa shayin shi ne babban abokina. Ba'abzine ne, siriri, mai dogayen yatsu, kuma ban taɓa ganin mutum mai nawa irinsa ba. In ya ɗora buta, sai ka gaji da jira ka manta abin da ya kawo ka. Ya zuba daga sama, ya mayar, ya sake zubawa, ya ɗaga kofi ya duba kumfa kamar likita yana duba jini.

"Kai, shayi kake dafawa ko ƙafar raƙumi?" haka nakan ce masa kullum.

"Bahaushe da gaggawa," in ji shi, ko kallona ba ya yi. "Kai ko ruwan zafi aka ba ka da sukari, cewa za ka yi madalla."

Benci ɗaya muke zama tun ƙaramar lakwal, wato firamare. Yana kwafar lissafina, ina kwafar Faransancinsa, in aka kama mu a yi mana bulala tare. Babansa direban babbar mota ne a kamfani. Da sallama ta biyo ta kansa, aka karɓe gidan da suke ciki mai wuta da ruwa, suka dawo unguwarmu ta gefen gari, inda rabin gidajen laka ne, rabi kuma gangunan ƙarfe da aka farke aka miƙar. Uban ya yi arewa neman aiki. Aka bar abokina da mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Anna, don haka suke ce wa uwa a Tamajak, harshensu.

Shekara huɗu ina cin abinci a gidan Anna. In na yi sallama a ƙofa, daga can cikin rumfa za ta amsa, ta kira ni da abokin wane, ta saka sunan ɗanta a ƙarshe. "Abokin wane, shigo." "Abokin wane, ka ci?" Ni dai haka na san kirana a gidan nan, kuma bai taɓa damuna ba.

A babban hutun shekarar nan aka tura shi wurin kakarsa, a lambunan da ke cikin duwatsun Abzin. Fari ya kashe musu dabbar da ke jan guga, ana bukatar hannu a rijiya. Ya ce mini wata ɗaya zai yi, in riƙe masa butar shayi, kada in bari sauran biyun su ƙona mata gindi. Yana can tawayen Abzinawa ya yi zafi. Babbar hanya ma sai da rakiyar soja motoci suke binta, a ranakun da aka tsayar, balle hanyoyin cikin dutse da babu direban da zai yarda ya shiga. Zazzaɓi ya kama shi da ciwon wuya. Kwana huɗu ya yi, aka binne shi can.

Mu ba mu sani ba. Har aka koma lakwal ina kare masa wuri a benci, ina tara zagin da zan yi masa in ya dawo, don na ɗauka daɗin dabino ne ya riƙe shi. Sai da aka yi sati uku da binne shi labarin ya iso, a bakin wani yaro ɗan ƙanwar Anna, wanda ya sauko daga dutse da ƙafa har ya samu ayarin motoci.

Mun je gaisuwa mu uku. Na durƙusa gaban Anna na ce Allah Ya jiƙansa. Ta ce amin. Ta dube ni, bakinta ya motsa kamar za ta ce wani abu, sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Na koma washegari, haka. Na koma bayan kwana biyu, na yi sallama a ƙofa, ta amsa sallamar kawai, babu shigo, babu ka ci. Na tsaya kamar baƙo, na juya. A raina na ce shi ke nan, wanda ya haɗa mu ya tafi, ta gama da ni. Ban sake zuwa ba, kuma na riƙe abin a zuciya.

Abin da ya fi cina ma ba wannan ba ne. Sunansa ne ya ɓace daga bakin mutane kamar an share da tsintsiya. Na san Abzinawa ba sa kiran sunan mamaci, kowa a Arlit ya san haka, kamar yadda aka san mazansu ba sa buɗe baki gaban suruki. Amma sanin abu daban, ya faɗo a kanka daban. 'Yan uwansa sai su ce "wanda ya tafi". Akwai wani ƙaramin yaro a layinsu mai suna irin nasa, cikin sati guda aka sauya masa kira, aka laƙaba masa wani abu dabam, shi ma yana amsawa ko a jikinsa. Mushen da ke kiran sunaye a aji, wato malaminmu, shi ma Ba'abzine ne, in ya zo wurin sai ya ɗan yi shiru ya tsallake. Ni kuwa ina zaune ina cika ina batsewa. Ba mu ga gawa ba, ba mu yi masa salla ba, ba mu san inda kabarinsa yake ba, yanzu sunan ma za a hana mu? Mutum ya yi shekara sha shida a duniya, a wayi gari kamar ba a taɓa haihuwarsa ba!

Ana cikin haka aka kawo yaron nan da ya zo da labari, aka saka shi a ajinmu, don ba halin komawa dutse. Kuma duk bencin da ke ajin, mushe bai ga inda zai zaunar da shi ba sai kusa da ni. Ya zo sanye da rigar abokina, mai aljihu biyu, wadda na san inda maɓallinta ya fita. Baƙi ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, Hausarsa a karkace, mace da namiji duk "shi" ne a wurinsa. Ya ce mini sannu. Na ja kayana na matsa can ƙarshen benci har rabin jikina yana lilo. Wata guda muka yi haka. In ya nemi aron abin rubutu, sai in ce ba ni da shi, alhali yana ganin biyu a aljihuna. Bai yi mini laifin komai ba, laifinsa ɗaya, ba shi nake so in gani a wurin ba.

Fada ma ta lalace. Na gwada dafa shayi, ya fito kamar ruwan wankin tukunya. Sauran biyun suka sha don kunya. Muna zaune, mata suna ta layi da bido, wato jarkokin ruwa, a pampo, sai na dubi bangon nan fari fat na ce, "Wallahi sai an kira sunansa a garin nan ko ana so ko ba a so."

Babana makanike ne, a garejinsa akwai ragowar fenti rawaya na motocin haƙa. Na ɗauko gwangwanin ba tare da na tambaya ba. Da la'asar na taka bido, na rubuta sunan abokina da manyan baƙaƙe, kowane harafi ya kai tsawon hannuna, a ƙasa na ƙara "fadar" don a san wurin nasa ne. Fentin ya zubo ya ɓata mini wando. Da na sauko na ja baya na duba, na ji sanyi a ƙirjina, irin wanda rabona da shi tun ranar da labari ya zo.

Babana ya gani a hanyarsa ta masallaci. Ya ce, "Addu'a yake bukata, ba fenti ba. Kuma gwangwanin nan nawa ne." Na yi kunnen uwar shegu.

Abin ya karɓu fiye da yadda na zata. Yaran ƙaramar lakwal masu koyon haɗa baƙi, in sun taso, sai su tsaya gaban bango su haɗa murya suna karantawa harafi-harafi, sannan su kwatsa sunan gaba ɗaya su watse da dariya. Matan Hausawa da na Zabarmawa suka fara cewa, "Je ka pampon wane ka ɗebo ruwa." Kafin sati biyu pampon kansa ya ɗauki sunan. Ni kuwa sai ƙafafa nake, ina ganin na yi abin da manya suka kasa.

Ran nan muka zo da la'asar muka tarar an shafe bangon da laka. An yi aikin da kyau, da tafin hannu, ba a bar ko wutsiyar harafi ba.  Na kankare lakar da marfin gwangwani, na sake bin sunan da fenti. Bayan kwana uku aka sake shafewa. Na sake rubutawa, wannan karon na ƙara masa girma. Sauran biyun suka ce ko mu haƙura, wataƙila manya ne ba sa so. Na ce duk wanda ya ji tsoro ya tashi ya bar mini tabarma.

Na lura da safe sunan yana nan, sai da la'asar ake tarar da laka. Wato da azahar ake yi, lokacin da ranar Arlit take korar kowa cikin ɗaki, ko akuya ba ka gani a layi. Sai na ƙi cin abinci, na laɓe a bayan wata matacciyar mota da ke kallon shagon, ƙarfenta yana gasa mini baya. Ban daɗe ba sai ga shi, abokin zaman bencina, da rigar nan mai aljihu biyu, ɗauke da kwano cike da kwaɓaɓɓiyar laka.

Ban san lokacin da na isa kansa ba. Na ture kwanon, na shaƙe masa wuyan riga.

"Ashe kai ne! Ka sa rigarsa, ka zauna a wurinsa, yanzu sunansa ma ya tsone maka ido?"

Na kai masa naushi a baki. Ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, yaron da ya tashi yana jan guga. Ya kama hannuwana biyu ya murɗe, ya zaunar da ni cikin lakar da ta zube, ya danne ni kamar za a yi wa ɗan akuya kaciyar kunne. Na yi ta zagi har muryata ta dushe. Shi bai rama ba. Da ya ga na gaji, ya tofar da jini gefe ya ce, "Ka gama? Tashi. Zo ka gani."

"Ba inda za ni."

"Zo ka gani, bayan nan ka buge ni kuma."

Haushi ne ya sa na bi shi, don in ga ƙarshen rainin hankalin. Muka ratsa unguwa, muka wuce garejin babana, muka wuce kasuwar dabbobi da ba kowa a ciki, har muka hango ɗaya pampon, wanda ke can bayan tasha. Kafin ka isa wurin sai ka bi ta shingen sojoji, kuma a kwanakin nan duk mai kama da Ba'abzine sai an tsayar da shi an tambaye shi daga ina, zuwa ina. Ya ja ni muka tsaya a inuwar wata katanga.

Sai ga Anna ta fito daga wajen shingen. Bido ɗaya a ka, ɗaya a hannu. Ta rame har na so in kasa gane ta. Takan yi taku kamar ashirin, ta ajiye na hannun, ta sauya hannu, ta ci gaba. Daga nan zuwa gidanta tafiya ce mai nisa ko ga mai lafiya, ga pamponmu kuwa da ko tari ka yi a bakinsa za a ji a rumfarta.

"Tun ranar da ka rubuta, Anna ba ya zuwa pampo na kusa," in ji shi. "Shi bai iya karatun lakwal ba, amma yana da kunne. Yara suna kira, mata suna kira. Ya je sau ɗaya, ya dawo da bido babu ruwa, ya kwanta kwana biyu. In ina gida ni nake ɗebowa. In ina lakwal, ba ya jira na."

Na ce, "Me ya hana ka gaya mini?"

Ya dube ni da kumburarren leɓe. "Ta ina? Ka bar mini benci duka, kana zaune a iska."

Haushi ya ƙara kama ni. Na so a ce shi ne mai laifi. Na so a ce mugunta ce ta sa shi, in samu wanda zan tsana da hujja. Sai ga shi wanda ya saka matar nan tafiyar rana tsaka ba kowa ba ne sai ni, da fentin babana.

"To ni ya zan yi?" na ce, kuma kuka ne ya fito tare da maganar, wanda ban yi ba ko ranar gaisuwa. "Ku kun binne shi. Kun san inda yake. Ni me aka bar mini?"

Bai ba ni haƙuri ba. Ya tsuguna ya share ƙasa da tafin hannu, ya ja layi da yatsa. Ya ce wannan kwarin da lambunan suke ne. Nan rijiyar kaka. In ka ba rijiya baya ka nufi gabas, akwai itacen ƙaya guda ɗaya babba, a hagunsa kaburbura a jere, an kewaye su da duwatsu. Na uku daga ƙarshe, mai farin dutse a wajen kai. Ya ce shi ya ɗauko farin dutsen daga cikin kwari, don kada wurin ya ɓace masa.

"In hanya ya buɗe, in kai ka," ya ce. Sannan ya share zanen, ya tashi ya tari Anna ya karɓi bidon hannunta. Ni kunya ta hana ni fitowa daga inuwar.

Da la'asar na kwaɓa laka da kaina. Amma laka ba ta zama a kan fenti, ruwa kaɗan ya taɓa ta sai rawayan ya leƙo, don haka na roƙi babana ragowar baƙin fenti. Wannan karon na tambaya. Ya miƙo mini. Na bi haruffan ɗaya bayan ɗaya ina rufewa. Ba zan yi ƙarya in ce na ji daɗi ba. Raina a ɓace yake, ina shafawa ina tsaki, kuma har yau wani ɓangare na zuciyata bai yarda cewa shiru ya fi kira ba. Amma na ga bidon nan a kan Anna.

Yara suka yi kwana biyu suna tsayawa gaban baƙin bango, suka gaji suka daina. Matan unguwa sun fi wuya. Sai da muka riƙa zama muna gyara wa duk wadda ta faɗa, muna cewa pampon shago ake cewa, har wata ta ce mu yaran nan ba mu da aikin yi ne. Ɗan ƙanwar Anna ya fara zama da mu. Ranar farko na tura masa butar shuɗiya da ƙafa, ban dube shi ba. Ya dafa. Nawarsa ta fi ta abokina, abin ashe na gida ne. Na buɗe baki zan yi maganar ƙafar raƙumi, sai na ji ba zan iya ba, na ce masa kawai sukari ya yi yawa.

Wajen sati biyu bayan haka, muka hango Anna a layin pampo, da bido ɗaya, tana tsaye tana kallon ƙasa. Washegari yaron ya ce mini a aji, "Anna ya ce ka zo."

Na tafi ina shirin faɗa, ko aƙalla a nuna mini kuskurena. Na yi sallama. Ta amsa, sai shirun nan ya biyo baya, irin wanda ya kore ni da farko. Yaron ya tura ni ciki. Tana zaune a rumfa, ga kwano a rufe a gabanta. Na durƙusa na gaishe ta, na fara haɗa kalmomin ban haƙuri, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta daɗe tana dubana. Sannan ta yi magana da Hausarta mai taushi, a hankali, kamar mai jin nauyi.

"Yaro, ka zo sau uku, ban ce ka shigo ba. Na buɗe baki in kira ka, babu abin da zan kira ka da shi. Kiranka yana tare da nasa." Ta gyara mayafi. "Yaya sunanka?"

Shekara huɗu ina cin tuwonta. Wata biyu ina gaba da ita a zuci, ina cewa ta yar da ni. Ban taɓa tunanin ba ta san sunana ba, don ban taɓa bukatar wani suna a gidan ba bayan wanda ɗanta ya ara mini.

Na gaya mata. Ta maimaita, ta karya shi a tsakiya yadda Abzinawa suke yi, ta sake maimaitawa har ya zauna mata. Sannan ta buɗe kwanon ta turo gabana, ta kira ni da sunana, ta ce, "Ka ci?"

Hanya ba ta buɗe ba sai bayan shekaru, kuma ya cika alkawari ya kai ni, na ga farin dutsen. Yanzu na yi furfura, na rubuta sunaye da yawa a takarda, na mutanen da ban damu da su ba ko kaɗan. Nasa ne kawai hannuna ya ƙi. Na zauna rubuta wannan da niyyar in saka shi ko sau ɗaya, tunda Anna ta daɗe da rasuwa, ba wanda zai sauya hanyar pampo saboda ni. Ga shi na kai ƙarshe ban saka ba.